George Eastman: Akawun Bankin da Ya Sa Kyamara a Hannun Kowa

A jikin duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, kudu da Dutse, akwai zane-zanen shanu waɗanda wasu mutanen dā suka bari, kuma masana kayan tarihi suka ba duniya labarinsu cikin shekarun 1950. Duk wanda ya je Dutsen Habude ko Dutsen Mesa ya gan su zai tabbata cewa sha'awar kama surar abu don kada ta ɓace tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Amma kalmomin da Bahaushe yake amfani da su yau a kan wannan sha'ani, watau hoto da kyamara da fim da majigi, duka baƙi ne, aro aka yi daga Turanci. Ɗalibin harshe kuwa bai kamata ya tsaya ga sanin inda kalma ta fito kaɗai ba, ya dace ya san hanyar da abin da ake kira da ita ya biyo har ya iso. Wannan maƙala za ta ba da tarihin mutumin da ya fi kowa share wannan hanya, wani Ba'amurke mai suna George Eastman.

Tun da farko ya kamata a gane cewa ba shi ne ya ƙago ɗaukar hoto ba. Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haitham ya yi bayani a birnin Alƙahira kan yadda haske yake shiga ta ƙaramar kafa ya jefa surar abu a bangon ɗaki mai duhu. Faransawa biyu, Niépce da Daguerre, su suka gano yadda za a tsai da wannan sura kada ta gushe, aka kuwa bayyana dabarar Daguerre ga jama'a cikin 1839, shekara 15 kafin a haifi Eastman. Aikin da shi ya yi daban ne. Ya tarad da ɗaukar hoto sana'ar gwanaye ce 'yan ƙalilan, ya bar ta abin da yaro ɗan shekara 10 zai iya yi don nishaɗi.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi George Eastman ran 12 ga Yuli, 1854, a wani ƙaramin gari mai suna Waterville cikin Jihar New York. Shi ne auta, yayyensa biyu mata ne. Mahaifinsa yana da makarantar koyar da lissafin ciniki da rubutu a birnin Rochester, can kuwa iyalin suka koma cikin 1860. Ba su daɗe ba mahaifin ya rasu cikin 1862, bai bar wani abin kirki ba. Sai uwar, Maria Kilbourn, ta shiga saukar da 'yan haya a gidanta tana dafa musu abinci don ta riƙe 'ya'yanta. Ɗaya daga cikin 'yan matan tana fama da shan-inna, ta kuwa rasu cikin 1870.

Bai cika shekara 15 ba ya bar makaranta ya zama masinja a wani kamfanin inshora, ana biyansa dala 3 a mako. Da dare yakan zauna ya koyi aikin akawu da kansa. Tun a lokacin yana da ɗan littafi da yake rubuta duk kwabon da ya shigo hannunsa da wanda ya fita, halin da bai rabu da shi ba har ya zama attajiri. Cikin 1874 ya sami aiki a wani bankin ajiya na Rochester, albashinsa ya kai wajen dala 15 a mako.

Kayan jaki guda

Sa'ad da ya kai shekara 23 ya yi niyyar zuwa hutu Santo Domingo, a tsibiran da ke kudu da Amurka. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya tafi da kyamara. Ya sayi kayan, ya biya wani mai hoto dala 5 ya koya masa. Tafiyar ba ta yiwu ba, amma sha'awar hoto ta riga ta kama shi, kamun da ba ta sake shi ba.

Sai an san wahalar ɗaukar hoto a wancan zamani za a gane girman abin da ya biyo baya. Dabarar da ake yayi ita ce ta jiƙaƙƙen gilashi, wadda wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da ita cikin 1851. Mai hoto zai goge fallen gilashi tas, ya kwarara masa wani ruwa mai yauƙi da ake kira kolodiyon, ya karkata shi nan da can har ruwan ya game ko'ina daidai. Sa'an nan ya shiga wuri mai duhu ya tsoma gilashin cikin ruwan sinadarin azurfa, wanda shi ne yake sa shi ya ji haske. Daga nan ya rufe shi cikin ma'ajinsa, ya ruga ya sa a kyamara, ya ɗauka, ya sake rugowa cikin duhu ya wanke. Dukan wannan sai an gama shi cikin kamar minti 10 zuwa 15, domin da zarar gilashin ya bushe aikin ya ɓaci. Ma'ana, wanda yake son hoton wani dutse ko kogi sai ya ɗauki ɗakin duhunsa ya tafi da shi can. Ga akwatin kyamara mai nauyi, ga ƙafafunta uku, ga tanti, ga kwalaben sinadarai, ga faranti-faranti, ga tulun ruwa, ga gilasan da kowane tuntuɓe zai iya farfasawa. Kaya ne na jaki guda. Daɗin daɗawa, sinadarin azurfa yana baƙanta yatsu, har akan gane mai hoto da hannunsa kamar yadda ake gane marini a Ƙofar Mata.

Eastman ya riƙa karanta mujallun masu hoto na Ingila, a nan ya ga labarin wata sabuwar dabara da wani likita, Richard Maddox, ya bayyana cikin 1871. Maimakon kolodiyon sai a cuɗa sinadarin azurfa da jelatin, watau wani irin danƙo da ake samu idan an dafa ƙasusuwa da fatun shanu. Gilashin da aka shafa wa wannan haɗi yana bushewa ba tare da ya daina jin haske ba, saboda haka ana iya ajiye shi watanni, a ɗauki hoto yau a wanke wani makon. Sai ya mai da ɗakin girkin uwarsa wurin gwaji. Da rana yana banki, da dare yana dafe-dafen jelatin, wani lokaci gajiya ta kā da shi ya kwana a ƙasa kusa da murhu da tufafinsa. Kusan shekara uku yana haka.

Abin lura shi ne, tun a nan tunaninsa ya bambanta da na sauran masu sha'awa. Su burinsu kowa ya haɗa gilashinsa mai kyau. Shi kuwa ya ƙera injin da zai riƙa shafa wa gilasai haɗin da yawa, kowane daidai da ɗan'uwansa, don a sayar. Cikin 1879 ya ƙetare teku zuwa Landan ya yi rajistar injin da sunansa, cikin 1880 kuma ya kama hayar bene a Rochester ya fara sayarwa. Wani ɗan kasuwa mai sana'ar bulalar dawakin karusa, Henry Strong, ya zuba jari, suka kafa kamfani ran 1 ga Janairu, 1881. A cikin wannan shekara Eastman ya ajiye aikin banki.

Ba a daɗe ba jarrabawa ta zo. Gilasan da aka kai wa dillalai suka dushe, masu saye suka yi ta kuka. Eastman ya karɓe su duka ya musanya da sababbi, ko da yake yin haka ya kusa karya kamfanin. Sai da ya yi ɗaruruwan gwaje-gwaje, har ya sake zuwa Ingila, kafin ya gane cewa laifin ba na haɗinsa ba ne, jelatin ɗin da ake kawo masa ne ya sāke. Ainihin sirrin kuwa bai fito ba sai cikin 1925, sa'ad da wani masanin kamfanin, Samuel Sheppard, ya gano cewa ɗan ƙibiritun da ke cikin jelatin, wanda ke zuwa daga irin ciyawar da shanun suka ci, shi ne yake ƙara wa fim jin haske. Ashe kyan hoto yana rataye da kiwon saniya. Makiyayan da ke tsakanin Kiyawa da Jahun da sun ji wannan da ba su yi mamaki ba.

Kodak

Gilashi dai ko busasshe ne yana da nauyi, yana kuma fashewa. Eastman ya haɗa kai da wani maƙerin kyamara, William Walker, suka fito cikin 1885 da doguwar takarda mai jin haske wadda ake naɗewa kamar tabarma, da abin da za a maƙala ta a bayan kyamara. Ya ɗauka masu sana'ar hoto za su yi rububinta. Ba su yi ba, domin hoton gilashi ya fi fitowa sarai, kuma gwani ba ya son a rage darajar gwanintarsa. A nan ne Eastman ya yanke shawarar da ta sa ake tunawa da shi. Tun da masu hoton da ake da su ba su son hajarsa, to, zai ƙirƙiro wasu masu hoton, watau sauran jama'a.

Cikin 1888 ya fitar da wani ɗan akwati da ake riƙewa a hannu, ya sa masa suna Kodak. Sunan ba shi da ma'ana a kowane harshe. Shi ya ƙaga shi, don yana son harafin K, yana kuma son suna gajere wanda ba zai yi wuyar faɗi ba ko'ina. Akwatin yana zuwa da fim a ciki mai ɗaukar hoto 100, kowane hoto zagayayye kamar faifai. Abin da mai shi zai yi uku ne kawai: ya ja zare, ya murɗa makulli, ya danna maɓalli. Ko tagar leƙawa babu, sai dai ya nufi abin da yake so da akwatin ya yi fata. Idan fim ya ƙare sai ya aika da kyamarar sukutum ta gidan waya zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke masa hotunan, a sa sabon fim, a mayar masa.

Wannan tsari shi ne ainihin ƙirƙirar Eastman, ya fi akwatin kansa muhimmanci. Kafin shi, mai ɗaukar hoto shi ne mai haɗa sinadari, shi ne mai wankewa, shi ne mai bugawa. Eastman ya raba aikin biyu. Ya bar wa mutum gani da dannawa, ya kwashe duk abin da ke bukatar ilmi ya kai masana'anta. Tallarsa ma abin da take faɗa ke nan, cewa mai saye ya danna kawai, sauran aikin na kamfani ne. Gwanaye suka yi ta raina hotunan da ke fitowa, ga karkata, ga yanke kawuna, ga dishi-dishi. Amma uwar da ta sami hoton jaririnta ba ta damu da karkata ba.

Kuɗin Kodak na farko dala 25 ne, fiye da albashin mako ɗaya da rabi na shi Eastman sa'ad da ya fara aikin banki, saboda haka masu hali ne suka saya. Cikin 1889 wani masanin sinadarai da ya ɗauka aiki, Henry Reichenbach, ya haɗa fim na seluloid, mai garai-garai kamar gilashi amma mai lanƙwasuwa. Da irin wannan fim ne ma'aikatan Thomas Edison suka yi gwajin hoto mai motsi. Majigin da Turawan mulki suka riƙa yawo da shi garuruwa, da sinimar Rex da aka buɗe a Kano cikin 1937, duk jikokin wannan fim ne.

Sai cikin 1900 burinsa ya cika sosai, da fitowar kyamarar Brownie, wadda Frank Brownell ya tsara. Da kwali aka yi ta, kuɗinta dala 1, fim ɗinta senti 15, kuma yara aka nufa da ita. A shekarar farko an fitar da fiye da 150,000. Dabarar ciniki a nan a fili take, kuma ta akawu ce tsantsa: kyamara sau ɗaya ake saye, fim kuwa kullum sai an koma. Ko da an sayar da akwatin a kan uwar kuɗi, riba tana nan tafe cikin fim da takarda da wanki.

A gaban akwati, ba a bayansa ba

Yanzu sai a tambaya, wannan "kowa" da Eastman ya bai wa kyamara, har da Bahaushe a ciki? Lissafin shekaru kaɗai ya isa amsa. Brownie ta fito cikin 1900. Sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Watau sauƙaƙƙiyar kyamara da mulkin mallaka tare suka iso ƙasar Hausa, kuma a hannu ɗaya. Joji da hafsan soja da ɗan mishan da matar Razdan, waɗanda da a zamanin jiƙaƙƙen gilashi ne da ba su iya ɗauko kayan ba, yanzu kowa yana iya rataya akwatinsa. Su suka ɗauki ganuwa da kasuwa da hawan salla da fuskokin sarakuna, suka rubuta abin da suka ga dama a ƙarƙashi, suka tafi da su gida. Shi ya sa mai neman tsofaffin hotunan ƙasar nan yau yakan same su a ɗakunan ajiya na Ingila, sau da yawa ba sunan wanda aka ɗauka, sai dai a ce wani ɗan ƙasa. Hoto ma ya taɓa zama makami. Bayan yaƙin Burmi a watan Yuli na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, Turawa sun ɗauki hoton gawarsa suka yaɗa don karya zuciyar masu niyyar bin sawunsa.

Bahaushe ya daɗe yana gaban akwati kafin ya koma bayansa. Dalilan ba ɗaya ba ne. Akwai talauci, akwai nisa daga inda ake wanke fim, akwai kuma ɗari-ɗarin da malamai da yawa suka yi da sha'anin sura, ko da yake bukatar fasfo don aikin hajji da takardun makaranta ta sassauta wannan a hankali. Masu buɗe shagunan hoto na farko a biranen Arewa galibi 'yan Kudu ne mazauna Sabon Gari. A wasu sassan Afirka ta Yamma kuwa akwatin Eastman ya faɗa hannun da ya dace da wuri. A Bamako, wani yaro ɗan kafinta mai suna Seydou Keïta ya sami kyautar Brownie daga kawunsa cikin 1935, ya fara ɗaukar 'yan gidansu don sha'awa, ya buɗe shago cikin 1948, daga baya hotunansa suka shiga manyan gidajen nune-nune na duniya. Bambancin hotunansa da na Turawan mulki a bayyane yake, domin mutanen da ke ciki su suka zaɓi tufafinsu da zamansu, su kuma suka tafi da hoton gida.

A garuruwa irin su Dutse da Birnin Kudu da Gwaram, hoto ya daɗe yana abin ranar salla da biki da kammala makaranta. Akan kira mai hoto, a yi kwalliya, a tsaya ƙiƙam, sa'an nan a jira kwanaki, domin fim mai launi galibi sai an kai Kano a wanko. Idan aka duba da kyau, tsarin 1888 ne bai sāke ba, sai dai Kano ce ta zama Rochester.

Dukiya da halinsa

Kamfanin, wanda ya ɗauki sunan Eastman Kodak cikin 1892, ya bunƙasa har ya mamaye kasuwar fim ta duniya, da masana'anta a Harrow ta Ingila tun 1891. Eastman bai kai nan da sanyin hali ba. Yakan saye abokan gasa, yakan ɗaure dillalai kada su sayar da kayan wani. Cikin 1915 kotu ta same shi da laifin kankane kasuwa, aka ƙare shari'ar cikin 1921 da sharuɗɗan da suka rage masa ƙarfi. Akwai kuma batun Hannibal Goodwin, wani limamin coci wanda ya nemi rajistar fim mai garai-garai tun 1887, kafin Reichenbach. Ba a ba shi ba sai 1898, ya mutu cikin 1900 bai ci moriyar komai ba. Waɗanda suka gaji haƙƙinsa suka yi ƙara, kuma cikin 1914 Kodak ta biya dala miliyan 5. Duk mai yabon Eastman sai ya haɗa da wannan.

Ta wani gefen kuma yana cikin attajiran farko da suka raba riba da ma'aikata. Ya fara ba su wani kaso na ribar shekara cikin 1912, cikin 1919 kuma ya ba su sulusin hannun jarinsa. Bai taɓa aure ba. Uwarsa ita ce abin ƙaunarsa, da ita ya tare a ƙaton gidan da ya gina cikin 1905, rasuwarta cikin 1907 kuwa ta girgiza shi ƙwarai. Mutum ne mai gudun taro da suna, har ya kasance mai sayar wa duniya kyamara ana iya wuce shi a titin garinsu ba a gane shi ba.

Kyautar da ya yi a rayuwarsa ta haura dala miliyan 100. Jami'ar Rochester ta sami mafi tsoka, har da makarantar kiɗa da aka buɗe cikin 1921. Babbar makarantar fasaha ta Massachusetts ta yi shekaru tana karɓar miliyoyi daga wani da ya ɓoye kansa da sunan Mista Smith, sai daga baya aka gane Eastman ne. Ya gina asibitocin haƙori na yaran talakawa a Rochester da Landan da Rum da Paris da Brussels da Stockholm. A watan Disamba na 1924 ya rattaba hannu a kan kyautar dala miliyan 30 a zama ɗaya, cikin waɗanda suka amfana har da Tuskegee da Hampton, makarantun baƙar fatar Amurka. Amma a nan ma akwai abin dubawa, domin mutumin da ya ba makarantun baƙar fata miliyoyi, a masana'antarsa kusan babu baƙin mutum ko ɗaya, ya kuma tallafa wa wata ƙungiya mai da'awar tace irin ɗan Adam. Kyauta daga nesa ta fi masa sauƙi a kan zama tare.

Ya ajiye gudanar da kamfani na yau da kullum cikin 1925. Cikin 1926 ya zo Afirka ta Gabas farauta tare da Martin da Osa Johnson, masu ɗaukar fim ɗin namun daji, ya sake dawowa cikin 1928 ta kogin Nilu. Yana riƙe da ƙaramar kyamarar hoto mai motsi ta kamfaninsa, wadda aka fitar cikin 1923 don masu sha'awa, har ya taɓa tsayawa yana ɗaukar karkanda tana nufo shi. Afirkar da ya zo gani ta giwa da zaki ce. Bai taka ƙasar Hausa ba.

Cikin 1930, don murnar cikar kamfanin shekara 50, aka raba kyamara wajen rabin miliyan kyauta ga yaran Amurka da Kanada da suka cika shekara 12 a wannan shekara. A lokacin ciwon ƙashin baya ya riga ya kama shi, tafiya tana gagararsa, ga shi ya ga yadda uwarsa ta ƙare kwanakinta a keken guragu. Ran 14 ga Maris, 1932, bayan ya gyara wasiyyarsa a gaban shaidu, ya hau ɗakinsa ya harbe kansa. Yana da shekara 77. Ya bar 'yar takarda yana cewa aikinsa ya ƙare, bai ga dalilin jira ba. Mutumin da ya saba rufe littafin lissafi da hannunsa ya ɗauka rai ma haka yake, abin da Musulmi da Kirista duka ba za su yarda da shi ba.

Bayansa

Kamfanin ya ci gaba da hauhawa wajen shekara 50 bayan mutuwarsa. Fim mai launi na Kodachrome ya fito cikin 1935, kyamarar Instamatic cikin 1963. Sai dai fim mai launin ya zo da wani aibi da ya shafi Afirka kai tsaye. Tun daga shekarun 1950 masu wanke hoto suna daidaita injinansu ne da katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, shi kansa fim ɗin kuma an auna shi da farar fata. Sakamakon haka baƙin mutum yakan fito duhu ɗaya, ba a ganin komai sai idanu da haƙora, musamman in ya sa farar riga. Wanda ya buɗe tsohon albam a gidajen Dutse zai ga shaidar wannan a hotunan angwaye. Gyaran bai zo da gaske ba sai da masu sayar da cakulan da kayan katako suka koka cewa launin hajarsu ba ya fita a talla.

Abin da ya kā da Kodak kuwa daga cikin gidanta ya fito. Cikin 1975 wani matashin injiniyanta, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai mai da haske lambobi ba tare da fim ba. Nauyinta ya kusa kilo 4, hotonta baƙi da fari ne, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset. Shugabannin kamfanin sun yi rajistarta, amma ba su yi gaggawar kai ta kasuwa ba, domin arzikinsu duka yana cikin fim. A shekarun 1880 gwanaye ne suka ƙi fim don kāre gilashi, Eastman ya tsallake su. Wannan karon magadansa ne suka tsaya inda gwanayen nan suka tsaya, wasu kamfanoni suka tsallake su. An daina yin Kodachrome cikin 2009, kuma a watan Janairu na 2012 kamfanin da ya taɓa ɗaukar ma'aikata fiye da 140,000 ya nemi kotu ta kāre shi daga masu binsa bashi. Ya fito cikin 2013 yana ɗan ƙarami.

Wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya cikin 2001, shekara 10 bayan Dutse ta zama hedkwatar Jihar Jigawa, ba a daɗe ba kuma wayoyin suka zo da kyamara a jikinsu. Da wannan ne ɗan makaranta da mai dabino da amarya a cikin ɗakinta suka koma bayan akwati, suna ɗaukar abin da suka ga dama, ba jiran Kano, ba katin Baturiya. Mai ɗaukar hoto don sha'awa, wanda Eastman ya ƙirƙiro cikin 1888, bai yawaita a tsakiyar Jigawa ba sai ta hanyar na'urar da ta karya kamfaninsa.

Gidansa na Rochester an mai da shi gidan tarihin hoto da fim tun 1949. Tokar gawarsa kuwa an binne ta a ƙofar babbar masana'antarsa, aka kafa dutsen marmara a kai. Cikin 2007 aka sa nakiya aka rushe wasu daga cikin manyan gine-ginen wannan masana'anta, tsofaffin ma'aikata suka taru suna kallo, da yawansu suna ɗaukar rushewar da kyamarar dijital.